Karyayyiyar gadar Fasiladas: me ke riƙe gadar dutse?

Ya ku makiyaya da fatake, na Gadarif da na Galabat har Matamma. Duk wanda ya taɓa kai kaya Gondar ya ji sunan Sarki Fasiladas, wanda ya mulki Habasha daga 1632 zuwa 1667. Ban da fadarsa, an gina gadoji a zamaninsa, wato kubri a bakin mutanen nan. Mafi shahara tana kan kogin Abbay, ruwan nan da ke gangarowa Sinnar. Sunanta yau Sebara Dildiy, ma'ana karyayyiyar gada.

Dutse ne da farar ƙasa, an lanƙwasa ginin bakan gizo. Kowane dutse na danne maƙwabcinsa, nauyin ya gangara zuwa ƙafafun gada. Muddin ƙafafun ba su motsa ba, baka na nan daram. Kuma fa ba tsufa ne ya karya ta ba. Mutane ne suka fasa tsakiyarta lokacin mamayar Italiya a shekarun 1930. Daga nan sai da igiya ake jan matafiyi ya tsallake, har 2002 da aka ɗora guntun ƙarfe a giɓin.

To, yaya ake sanin abin da irin wannan gada za ta ɗauka? Sojojin Ingila sun yi wannan tambaya saboda tankokin yaƙi, suka fito da dabarar awo mai suna MEXE, daga binciken Farfesa Pippard na shekarun 1930. Ana auna faɗin baka da tsayinsa, kaurin dutsen, da zurfin cikon da ke bisa, sannan a rage lissafi gwargwadon tsagewa da lalacewar haɗin duwatsu.

Abin lura a nan, jama'a: nauyin da ya bazu da wanda ya taru wuri guda ba ɗaya ba ne. Garken shanu na bazuwa, amma lori maƙare da riɗi na tara nasa kan 'yan tayoyi. Idan baka ya tsage wuri huɗu, sai ya naɗe ya rufta.

Don haka bayan damina, kafin ka hau tsohuwar gada da kaya, sauka ka leƙa ƙasanta. In ruwa ya rarake gindinta, ko dutse ya zamo daga baka, rage kaya ko ka sauya hanya. Allah Ya kai mu lafiya.