Tagulla, Jan Ƙarfe da Kwabo: Tarihin da Ke Cikin Bakinmu

Yau hirarmu kan tagulla take, wannan ƙarfen da kakanninmu mata suka yi ado da mundayensa.

Mu fara da suna. A rediyo mukan ji an ce ɗan wasa ya ci lambar tagulla, mai gyaran lantarki ma ya ce wayarsa ta tagulla ce. To amma maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla, ba su haɗa su haka nan. Wurinsu jan ƙarfe, ko "jan ƙarhe" yadda mukan faɗa nan Adar, shi ne tsantsa. Wanda ya yi ruwan ɗorawa kuwa gauraye ne da wani ƙarfen.

Ina aka samo shi? A shekara ta 1353 matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka Takadda, garin da masana suka ce shi ne kufan Azelik, arewa da In Gall. Ya tarar ana haƙo jan ƙarfe, ana narka shi a gidaje, ana yin 'yan sanduna da shi, su ne kuɗin garin. Masu kauri 400 ne a miskali guda na zinariya, sirara kuma 600 ko 700. Da siraran ake sayen nama da itace, masu kaurin kuma hatsi da man shanu, har da bayi. Ya ce ana kai wannan ƙarfe Barno da wata ƙasa Kubar, wadda masana da dama suka ce Gobir ce. Kun ga ashe maganar ba ta yi nisa da gida ba.

Sauran sunayen ma kowane da hanyar da ya biyo. Azurfa daga bakin Buzaye muka same ta, su suna cewa azref. Zinariya daga dinari na Larabci. Hatimi, wanda ake zana sunan sarki ko alƙali a kansa, shi ma Larabci ne. Kwabo kuwa sunan jan ƙarfe ne da Ingilishi, bakin Bahaushe ya lanƙwasa shi, har Najeriya ta mai da shi sunan ƙaramin kuɗinta a 1973.

Zane kuma aikin hannu ne. Maƙeri, wanda Buzaye ke kiran jama'arsu inadan, yakan bi jikin munduwa ko zobe da ɗan ƙarfe mai tsini, layi bayan layi. Cikin kayan adon nan 21 da ake kira kurwa ta Nijar da Faransanci, akwai mai sunan Tawa, akwai mai sunan Madawa.

Ga abin da ke damunmu. Yau masu sayen tsohon ƙarfe na bin ƙauyuka da sikeli, kuma sikeli bai san zane ba. Munduwar da ta wuce hannun uwa, da kaka, da kakar kaka, sai a auna ta da kilo, a narke, shi ke nan.

Ba mu ce kada mai buƙata ya sayar ba, mun san halin da ake ciki. Amma kafin a fitar da ita, a tambayi tsohuwar gidan: yaya sunan wannan, wa ya ƙera ta, a wane gari? A ɗauki hoto, a turo mana. Ku kuma a garinku, me kuke ce wa jan ƙarfe? Allah ya jiƙan magabata.