Kuɗin 'Yan Siyasa da Zargin Ƙabilanci a Bakin Talaka: Nazari daga Karare da Yammacin Katsina

Tsakure

Maƙalar ta duba batutuwa biyu da ke yawan zuwa tare a hirar mutanen Batsari da Safana, wato kuɗin da masu riƙe da muƙaman siyasa ke kashewa da kuma jifan juna da zargi tsakanin Hausawa da Fulani. Ta dogara da bayanan da suka fito fili daga 2018 zuwa 2025. Abin da take son kafawa shi ne, idan talaka ya rasa hanyar bin diddigin dukiyar gwamnati, fushinsa yakan sauka a kan maƙwabcin da hannunsa ke iya kaiwa.

Yankin da aka nazarta

Karare mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Batsari. Batsari da Safana da Ɗanmusa ɗan majalisar wakilai ɗaya suke aikawa Abuja, kuma suna cikin ƙananan hukumomin da suka yi iyaka da dajin Rugu, inda hare-haren 'yan bindiga suka fi tsanani a jihar Katsina. A Fabrairun 2020 an kashe kimanin mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. A Disambar shekarar aka sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kusan mako guda. Duk wani ra'ayi da mutumin wannan yanki zai furta a kan gwamnati, da waɗannan abubuwa a ransa yake furta shi.

Ma'aunin talaka

Alƙaluman da ake tattaunawa a majalisun hira daga bakin 'yan majalisar da kansu suka fito. A Maris 2018 Sanata Shehu Sani ya bayyana cewa kowane sanata na karɓar naira miliyan 13.5 a wata a matsayin kuɗin gudanar da ofis, ban da albashi. A Agustan 2024 Sanata Sumaila Kawu na Kano ta Kudu ya shaida wa sashen Hausa na BBC cewa abin da ke shigo masa a wata ya kai miliyan 21, alhali hukumar RMAFC mai tsara albashin masu muƙami ta ce albashi da alawus na sanata miliyan ɗaya ne da 'yan kai. Wata guda kafin nan aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, wato kason miliyan 21 na sanata ɗaya ya ninka na ƙaramin ma'aikaci sau 300. A 2023 kuma, 'yan watanni bayan cire tallafin man fetur, aka saya wa 'yan majalisar tarayya manyan motoci da rahotanni suka ce kowace ta kai miliyan 160.

Mazaunin birni yakan auna waɗannan kuɗi da albashi ko kuɗin haya. Manomin Karare ba shi da albashi. Yana auna su ne da kuɗin fansar da dangi suka sayar da gona suka haɗa, da harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa ƙauye kafin a yi shuka ko girbi. Wannan bambanci yana da nauyi. Ƙorafin nasa bai tsaya ga cewa kuɗin sun yi yawa ba. Abin da ke masa ciwo shi ne ya biya kuɗin tsaro sau biyu, na farko ga gwamnati ta hanyar kason da ake warewa da sunansa, na biyu ga wanda ke riƙe da bindiga a bakin daji. Rahoton da Transparency International da CISLAC suka fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa kuɗin tsaron da shugabanni ke kashewa ba tare da bayani ba sun kai dala miliyan 670 a shekara a faɗin Nijeriya.

A Birtaniya, da jaridar Daily Telegraph ta wallafa takardun kashe-kashen 'yan majalisa a 2009, kakakin majalisa Michael Martin ya sauka, an ɗaure wasu, aka kafa hukuma mai zaman kanta don sa ido. Rasit ne ya yi wannan aiki. A Nijeriya akwai dokar 'yancin samun bayanai tun 2011, amma talaka jimla yake ji a rediyo, ba ya ganin yadda aka rarraba ta.

Inda fushin ke sauka

Wariyar da ta shafi yankin ba ta launin fata ba ce, ta ƙabila da sana'a ce, tsakanin mutanen da suka daɗe suna auratayya suna sallah sahu ɗaya. Yawancin 'yan bindigar da suka yi suna a dajin Fulani ne, kuma a kan haka aka riƙa ɗora laifin a kan duk wani mai sanda da rawani. 'Yan sa-kai sun kashe makiyayan da ba su ji ba su gani ba, an mayar da martani a kan ƙauyukan manoma da su ma ba su da hannu. Ana mantawa da cewa satar shanu makiyaya ta fara talautawa, kuma cikin masu kai wa 'yan bindiga rahoto da mai da abinci akwai 'yan gari.

Matakan gwamnati sun taɓa kowa. Dokar da Gwamna Aminu Bello Masari ya sa wa hannu a ƙarshen Agustan 2021 ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomin da abin ya shafa, a Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana. Makiyayi ya rasa inda zai sayar da tunkiya, ɗan gari ya rasa yadda zai kira agaji da dare. A ganin wannan maƙala, wahala iri ɗaya da ta kamata ta haɗa kan mutane sai ta ƙara raba su, domin kowane ɓangare yana ganin don ɗayan aka hukunta shi, kuma babu wani zaure da za su zauna tare su tambayi mai riƙe da baitulmali.

Sulhun da Masari ya jagoranta a 2019 bai ɗore ba. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023 da mutum 1,466, sannan a 2025 wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Jibiya da Batsari da Safana, suka shiga sulhu a matakin al'umma. Ra'ayi ya rabu: wanda ya samu komawa gona yana hamdala, wanda aka kashe wa ɗa yana tambayar ina hukunci.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya buɗe ƙofar bincike na gaba. Kason Batsari da na Safana ana wallafa su duk wata daga asusun tarayya. Ya kamata masu nazari a jami'o'in Katsina da Dutsin-Ma su jera waɗannan alƙaluma kusa da abin da aka aiwatar a mazaɓu irin Karare, rijiya da aji da asibiti da burtali, su karanta sakamakon da Hausa da Fulatanci a gaban manoma da makiyaya a zama ɗaya.