Rasuwar Sardauna da Uwargidansa Hafsatu, da Maganganun da Suka Biyo Baya

Ya ku 'yan makaranta, yau za mu ɗauko muku wani labari wanda kusan kowane ɗayanku ya taɓa jin wani yanki nasa a bakin kakansa. In mutum ya sami dattawa biyar a inuwa nan Birniwa, ko a kasuwar Haɗejiya, ya tambaye su yadda Sardaunan Sakkwato da uwargidansa suka rasu, to, labari biyar zai tashi da shi, kowannensu kuwa a shirye yake ya rantse a kan nasa. Ba mu ce dattawan nan ƙarya suke yi ba. Abin da muke so mu bincika tare da ku shi ne yadda aka yi mutum biyu sanannu suka mutu cikin gidansu, a tsakiyar Kaduna, a gaban idon mutane, amma labarin ya rarrabu haka.

Bari mu fara da su wane ne su. An haifi Ahmadu Bello a Raba ta ƙasar Sakkwato, jinin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ne. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya fita cikin 1931, ya yi malanta a Midil ta Sakkwato, sa'an nan aka naɗa shi hakimin Raba cikin 1934. Da aka naɗa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku cikin 1938, sai aka ba shi sarautar Sardauna. Cikin 1954 ya zama Firimiyan Jihar Arewa, yana kan wannan muƙami har ƙarshen ransa. Ita kuwa Hafsatu, ɗiyar Wazirin Sakkwato Maccido ce, watau daga gidan Waziri Giɗaɗo ta fito. Ita ce matarsa ta fari, sun zauna tare fiye da shekara talatin, tun yana malamin makaranta mai ɗan albashi har ya zama mutumin da ba a yanke shawara a Nijeriya sai an ji ta bakinsa.

A ƙarshen 1965 ƙasa ba ta zaune lafiya. Zaɓen da aka yi a Jihar Yamma cikin Oktoba ya jawo ƙone-ƙone da kashe-kashe, ƙasar Tibi ma ba ta daɗe da lafawa ba. Ran Jumma'a 14 ga Janairu 1966 Firimiyan Yamma, Cif Akintola, abokin ƙawancen Sardauna a siyasa, ya zo Kaduna suka gana, ya koma Badun a ranar. Ku riƙe wannan ziyara a zuciya, za mu komo kanta.

Ga abin da babu saɓani a kansa. Cikin daren nan, wanda ya faɗo a goman ƙarshe na watan Azumi, Manjo Chukwuma Nzeogwu, babban mai koyarwa a makarantar horon soja ta Kaduna, ya fita da sojoji da sunan atisayen dare wanda suka laƙaba wa suna Damisa. Shi Nzeogwun nan a Kaduna aka haife shi cikin 1937, Hausa kuwa a bakinsa kamar jakin Kano, har abokansa suna kiransa Kaduna. Da yawa cikin ƙananan sojojin da suka bi shi, har da 'yan Arewa, ba su san inda aka nufa ba sai da aka isa. Wajen ƙarfe biyu na dare, tun ba a tashi sahur ba, suka kewaye gidan Firimiya, suka buɗe masa wuta da bindigar da ake fasa motocin yaƙi da ita, rufin gidan ya kama da wuta. Suka kutsa ciki. Kafin gari ya waye ran Asabar 15 ga wata, Sardauna ya rasu, Hafsatu ta rasu tare da shi, haka kuma Zarumi, baransa mai tsaron lafiyarsa.

Ba su kaɗai ne miji da mata da aka kashe a Kaduna daren nan ba, ko da yake ba a cika faɗin wannan a wajenmu ba. Wani rukunin sojoji ya shiga gidan Birgediya Samuel Ademulegun, Bayarabe, shugaban rundunar soja ta Kaduna, aka harbe shi da matarsa Latifatu cikin ɗakin kwanansu. A Badun aka kashe Akintola. A Ikko aka kashe Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammadu da Laftanar-Kanar Pam da Laftanar-Kanar Largema da Laftanar-Kanar Unegbe, aka kuma tafi da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ministan Kuɗi Okotie-Eboh, ba wanda ya dawo da rai cikinsu.

To, daga ƙofar cikin gida labari ya fara rabuwa. Kwana kaɗan bayan abin ya auku, Nzeogwu, da hannunsa a ɗaure saboda raunin da ya samu daren nan, ya nuna wa 'yan jaridar Turawa cewa Firimiya ya fake ne a cikin mata da yara. Mutanen gida kuwa, waɗanda suka tsira, abin da suka faɗa dabam ne: suka ce da wuta ta kama, Sardauna ya fito wajen iyalinsa, da sojoji suka zo suna tambayar ina yake bai ɓoye kansa ba, Hafsatu kuwa ta rungume shi ta ƙi saki, harsashi ya same su tare. Ku lura da kyau, wuri ɗaya ne duka biyun suke kwatantawa, watau mutum yana tsakiyar iyalinsa cikin gida mai cin wuta. Wanda ya zo kisa ya kira shi ɓuya, waɗanda aka kashe wa nasu suka kira shi tsayuwa. Mu dai a ganinmu maganar mutanen gida ta fi nauyi, domin su da yawa ne, kuma shi mai harbi yana da bukatar ya ƙasƙantar da wanda ya harba don ya wanke kansa. Banda haka, ina magidanci zai nufa in gidansa ya kama wuta da tsakar dare, in ba wajen iyalinsa ba?

A kan wannan tushe sai jama'a suka yi ta gini. Wani ya ce harsashi ba ya cin Sardauna, sai da ya tuɓe layunsa da kansa. Wani ya ce ya san ranar mutuwarsa tun da ya komo daga Umra kwanaki kaɗan kafin nan, har ya yi sallama da mutane. Waɗanda ba su ƙaunarsa kuma suka baza cewa ziyarar Akintola ta ran Jumma'a shiri ce ta tura soja su murƙushe Jihar Yamma, wai shi ya sa manjojin suka riga su. Ba a kuwa taɓa fito da wata takarda da ta tabbatar da haka ba. Mutuwar Abubakar Tafawa Ɓalewa ma ba ta tsira ba. An tsinci gawarsa bayan kwanaki a gefen hanyar Ikko zuwa Abekuta, aka kai Bauchi aka rufe, shekaru da yawa bayan haka kuma ana ta gardama a jaridu, waɗansu su ce harbinsa aka yi, waɗansu su ce ciwon asma ne ya tashi masa a hannun waɗanda suka kama shi.

Me ya sa maganganun nan suka sami wurin zama? Ku da kuka taɓa leƙa zauren alkali kun san yadda ake yi in an yi kisan kai. A kawo wanda ake tuhuma, a kira shaidu ɗaya bayan ɗaya, a tambayi kowa inda yake tsaye da abin da idonsa ya gani, a raba ganau da jiyau, magatakarda yana rubutawa. In aka yanke hukunci, ko mutum bai so ba, ya san abin da aka tabbatar. Wannan shi ne abin da ba a yi ba cikin 1966. Manjo-Janar Aguiyi-Ironsi ya karɓi mulki, Nzeogwu ya miƙa wuya, aka kai shi Ikko aka tsare, daga baya aka mai da shi da waɗansu abokansa gidajen kurkuku na Jihar Gabas. Ba a gurfanar da ko ɗaya daga cikinsu gaban shari'a ba. 'Yan sandan ciki sun yi bincike sun rubuta rahoto, amma ba a karanta wa jama'a shi ba a lokacin. Matan gidan Firimiya da barorinsa, waɗanda su ne ganau na haƙiƙa, ba a kira su gaban kowane alkali ba. Da gwamnati ta yi shiru, sai kasuwa ta ɗauki magana.

Babbar maganar kuwa, wadda ta fi duk sauran haɗari, ita ce wai ƙabilar Ibo ce gaba ɗaya ta shirya abin. Masu faɗin haka suna da abin nunawa: yawancin manjojin Ibo ne, ba a taɓa Firimiyan Gabas ko na Tsakiyar Yamma ba, wanda ya hau mulki kuma Ibo ne. Amma akwai abin da suke tsallakewa: Manjo Ademoyega, ɗaya daga cikin shugabannin shirin, Bayarabe ne, Unegbe da aka kashe kuwa Ibo ne, shi kansa Ironsi ba ya cikin manjojin, shi ne ma ya tare su a Ikko. Shari'a ce kaɗai za ta iya auna waɗannan ta ce ga masu laifi da sunayensu, ta sauke laifin daga kan akawun tasha da mai kanti da makaniken da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A wancan zamani irin waɗannan baƙi suna zaune a garuruwan da ke bakin hanyar jirgin da ta taso daga Kano ta bi ta nan Birniwa zuwa Nguru, jirgin da ke ɗaukar gyaɗa kuwa shi ke sauke jita-jita a kowace tasha.

Waɗansu daga ɗaya ɓangaren su ma suka ƙara wa wutar makamashi. Aka riƙa yawo da hotunan Nzeogwu a kasuwannin Arewa ana yi wa mutane gwalo da su, mujallar Drum kuma ta buga wani rubutu na izgili wanda ya sa Sardauna yana magana daga kabari. Ran 24 ga Mayu 1966 Ironsi ya kafa Doka ta 34 wadda ta rushe jihohi ta mai da mulki wuri guda, mutanen Arewa kuwa suka ɗauke ta a matsayin cikon abin da aka fara cikin Janairu. Ran 29 ga Mayu tarzoma ta ɓarke a Kano da waɗansu garuruwa. Ran 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi nasu juyin, aka kashe Ironsi a Badun tare da mai masaukinsa Laftanar-Kanar Fajuyi. Cikin Satumba da Oktoba aka kashe dubban mutanen Gabas mazauna Arewa, waɗanda ba su taɓa ganin ƙofar gidan Firimiya ba, saura suka cika jiragen ƙasa suka gudu. Wannan abin kunya ne a tarihinmu, ba kuwa za mu ɓoye muku shi ba. Yaƙin basasa ya tashi cikin Yuli 1967, ba a ajiye makamai ba sai ran 15 ga Janairu 1970, shekara huɗu daidai da daren Kaduna.

Shi Nzeogwu, wanda ya fi kowa sanin abin da ya auku a farfajiyar nan, an kashe shi a fagen fama kusa da Nsukka cikin Yuli 1967, ya tafi da abin da ya sani ba tare da wani alkali ya tambaye shi ba. Abokan shirinsa da suka rayu, Ademoyega da Gbulie, ba su fitar da littattafansu ba sai 1981, kowannensu kuwa kare kansa yake yi.

Mu mutanen ƙasar Haɗejiya ba baƙi ba ne ga irin wannan rashi. Cikin Afrilu 1906 sojan Turawa suka shiga birnin Haɗejiya, Sarki Muhammadu ya faɗi tare da manyan fadawansa, har yau kuwa ana ambaton sunayen mazajen da suka tsaya tare da shi. Abin da ya ba mu mamaki game da 1966 shi ne, duk yawan surutun da aka yi a kan layu da mafarkai da makirci, sunan Hafsatu bai cika fitowa ba, sai dai a ce "da matarsa" a wuce. Alhali kuwa ba ita aka zo nema ba, sauran matan gidan sun tsira da ransu, abu guda kuma da labarin kowane ɓangare bai iya kawarwa ba shi ne a gefen mijinta aka same ta.

Harabar gidan nan ita ce yanzu ake kira Gidan Arewa, wurin ajiye takardun tarihi da bincike a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, an fara aikinsa cikin 1970. Wanda Allah ya kai shi Kaduna cikinku, ya roƙi malaminsa ya kai shi can.