Tarihin Sandunan Cin Abinci a Sin da Japan

A Anyang ta ƙasar Sin aka haƙo sandunan tagulla na zamanin daular Shang, kimanin shekara 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Da farko a tukunya suke aiki, ana tsamo nama da su. A zamanin daular Han suka zama kayan cin abinci na yau da kullum.

Tsohon sunansu "zhu" ne. Sai dai lafazinsa ya yi kama da kalmar "tsayawa", abin da matuƙa jiragen ruwa suka camfa. Shi ya sa a zamanin daular Ming aka koma kiransu "kuaizi", daga kalmar da ke nufin sauri.

Daga Sin suka shiga fadar Japan wajajen ƙarni na 7, aka kira su "hashi". Na Sinawa dogaye ne, don kowa daga akushi ɗaya yake ɗiba. Na Japanawa gajeru ne masu tsini, saboda cire ƙayar kifi.

Manyan hane-hanen kuwa daga jana'iza suka samo tushe. A ƙasashen biyu ba a kafa sanduna a tsaye cikin shinkafa, domin sun yi kama da turaren da ake kunna wa mamata. A Japan kuma ba a miƙa loma daga sanduna zuwa sanduna, don haka dangi ke miƙa wa juna ƙasusuwan mamaci bayan ƙona gawa. Baƙon da ya aikata ɗayansu ya tuna wa mai gida mutuwa ana tsakiyar cin abinci.