'Yan Sandan Ikko da Kakanninmu



Yaranmu da yawa, in suka hango baƙin kaya a bakin titi, sai gabansu ya faɗi. Ba su san cewa harsashin wannan aiki a Ikko da kafaɗar Bahaushe aka ɗora shi ba.

A 1861 Turawan Ingila suka karɓe Ikko daga hannun Sarki Dosunmu. Suka fara da 'yan gadi talatin kacal. A 1863 wani Bature mai suna Glover ya tara Hausawa ya koya musu harbi, galibinsu bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu a ƙasar Yarabawa. Su ne ake kira Hausawan Glover. Me ya sa ya zaɓe su? Saboda baƙi ne, ba su da dangi a gari. In an ce kama, sai su kama, ba kunyar kawu ko suruki. Wannan ita ce gaskiyar, ko da ɗaci.

A 1879 aka mai da su runduna sosai. A 1896 aka kafa 'yan sandan Ikko daban, ɓangaren masu bindiga kuwa ya bi hanyar soja. A 1930 aka haɗe 'yan sandan Kudu da na Arewa, hedikwata a lokacin tana nan Ikko. Sai a 1964 ɗan ƙasa na farko, Louis Edet, ya zama Sufeto Janar. Daga baya namu, M.D. Yusufu na Katsina, shi ma ya riƙe.

To, ina darasin? Aikin da aka gina don tsare mai mulki, ba talaka ba, sai a hankali yake gyaruwa. Zanga-zangar 2020 ta nuna haka. Amma wanda ya ga rikicin Idi-Araba a 2002 ko na Mil 12 a 2016, ya san garin da ba hukuma ba ya zaunuwa, kuma baƙo ne ke fara shan wuya.

Don haka, samari, ku riƙa yawo da katin shaida. Rigima in ta taso, a sanar da Sarkin Hausawa da dattawa, a je caji ofis tare. Kar a ba da cin hanci, haramun ne ga mai bayarwa da mai karɓa. Masu takarda kuma ku shiga aikin, ku gyara abin da kakanni suka fara.

Allah Ya zaunar da mu lafiya, amin.