Igiya da Turke: Asalin Awon Da'ira

A ƙauyukan ƙasar Gumel, tun daga Maigatari har Gagarawa da Sule Tankarkar, in magini zai fitar da harsashin ɗaki ko rumbu, sai ya kafa turke, ya ɗaura igiya, ya zagaya yana zana ƙasa. A wurin magina, kewaye faɗi uku ne da ɗan ɗori. To, wannan ɗan ɗori shi ya wahal da masana shekaru dubbai.

Wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, wani magatakarda na Masar mai suna Ahmes ya rubuta cewa a rage tusu'in faɗi, a buga abin da ya saura da kansa, shi ne filin da'ira. Bayansa Arkimidis Bayunane, wanda ya rasu a 212 kafin haihuwar Annabi Isa, ya zana siffa mai gefe 96 ciki da wajen da'ira, ya nuna kewaye bai kai faɗi uku da subu'i ba, amma ya ɗara uku da 10/71. Wajen 820 Alhawarizmi na Bagadaza ya kawo 3 1/7 da 3.1416 cikin littafinsa na aljabara. A 1424 Alkashi na Samarkandu ya kai lissafin gida 16 bayan ɗigo. Sai a 1761 Lambert ya tabbatar ba ya ƙarewa.

Ga yadda ake yi. Rumbu mai faɗin ƙafa 7, a buga 7 da 22/7, kewayensa ƙafa 22. Filin cikinsa kuwa, a buga rabin faɗi da kansa, watau 3½ sau 3½, kana a buga da 22/7, ya ba da murabba'in ƙafa 38½.

Da za a ɗauki bangon nan na ƙafa 22 a yi shi kusurwa huɗu, kowane gefe 5½, filinsa 30¼ kaɗai zai zama. Ashe da ginin nan ɗaya, mai rumbu kewayayye ya fi samun wurin zuba gero da fiye da rubu'i. A ƙasa mai ƙarancin ruwan sama, inda damin gero guda kan raba gida da yunwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kakanninmu ba su karanta Arkimidis ba, amma igiyarsu ba ta saɓa masa ba. Allah ya sa yaran makaranta su haɗa biyun, amin.