Ha'incin Mai Riƙe da Jingina: Hukuncin Malikiyya da Tarihin Fadamun Haɗeja

Gabatarwa

Jingina, wadda malaman fiƙihu ke kira rahan, ta tabbata a aya ta 283 ta Suratul Baƙara, kuma manufarta amintar da mai bin bashi. Tambayar wannan maƙala ita ce: idan mai riƙe da jinginar ne ya yi ha'inci, ya sayar da gonar ko ya ce tun farko sayenta ya yi, wa zai ɗauki hasarar? Za a dubi wannan mas'ala ta fuskar tarihin ƙasar Haɗeja, inda fadama ita ce mafi tsadar abin da manomi ke iya jinginarwa.

Abin da alƙalai suka gada

Bayan jihadin Shehu Usmanu, alƙalan Haɗeja, kamar takwarorinsu na sauran masarautu, sun dogara ga Risala da Mukhtasar da Tuhfa. Ƙa'idar waɗannan littattafai ita ce jingina ba ta fitar da abu daga mallakar mai shi. Imamu Malik ya kawo hadisi a Muwaɗɗa da ke hana mai bin bashi mallake jingina don kawai wa'adi ya cika. Daga nan aka raba hasara gida biyu. Abin da ba a iya ɓoyewa, kamar gona, idan ya halaka ba da sa hannun kowa ba, hasarar mai shi ce, bashi kuma yana nan. Ambaliyar da ta cinye fadama ba ta hau kan mai riƙo. Amma da zarar ya yi ta'adi, ya tashi daga amintacce ya koma mai lamuni.

Idan ya sayar wa wani, mai gona yana karɓar gonarsa ta hanyar istihƙaƙi, mai saye kuma ya koma wa wanda ya yaudare shi ya nemi kuɗinsa. Mai sayen da bai san da ha'incin ba ba ya mayar da amfanin da ya girbe. In ya raya ƙasar, ana biyansa ƙimar abin da ya raya. Saboda haka hasara tana zagayawa har ta sauka a kan maha'inci. Bashin asali kuwa mai gona zai biya, domin zaluncin da aka yi masa bai kankare haƙƙin da ke wuyansa ba.

Yadda zamani ya karkatar da hasara

Turawa sun ci Haɗeja a watan Afrilu na 1906, bayan yaƙin da Sarki Muhammadu ya yi shahada. Dokar filaye ta 1910 ta sanya ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna, haraji ya koma na tsabar kuɗi, layin dogo na Kano zuwa Nguru ya ratsa Malam Madori a wajajen 1930 tare da cinikin gyaɗa. Buƙatar kuɗi ta ƙaru, jinginar gona ta zama mafaka. A al'ada mai ba da kuɗi shi ke noma gonar har ranar fansa, alhali Malikiyya ba su halatta sharɗanta amfanin jingina ba idan bashin rance ne.

Babban haɗarin shi ne dogon zama. Shaidu sukan rasu, magada su taso sun ga ubansu yana noman wurin, sai a kafa hujja da hauzi na shekara goma. Malamai sun toshe wannan ƙofa, suka ce hauzi ba ya amfanar wanda aka san ta jingina ko aro ya shiga. Sai dai wannan kariya tana buƙatar hujja, mai gonar da ba shi da takarda ko shaida kuwa shi hasara ke faɗa wa.

Gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ya sauya tafiyar ruwa. Kacala ta toshe wasu hanyoyinsa, wasu filayen kuma noman rani ya ɗaga darajarsu. Gonar da aka jinginar a kan kuɗi kaɗan sai ta zama abin kwaɗayi. Dokar filaye ta 1978 ta sharɗanta amincewar hukuma kafin jingina, amma yarjejeniyar baki a ƙauye ba kasafai take isa ofis ba.

Abin lura daga waje

A 2012 manyan bankuna biyar na Amurka sun amince da sulhu na dala biliyan 25 saboda takardun da aka sa wa hannu ba tare da tantancewa ba wajen ƙwace gidaje. Waɗanda suka riga suka rasa muhallinsu diyyar kuɗi aka tanadar musu. Fiƙihunmu yana fara da mayar da ainihin abin ga mai shi, ƙima tana zuwa ne idan ya salwanta.

Kammalawa

Hukunci bai taɓa ɗora hasarar ha'inci a kan wanda aka ha'inta ba. Rashin hujja ne ke ɗora ta. Ayar da ta gabaci ta jingina, wato ta 282, ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu. Ya kamata limamai da masu unguwanni daga Auyo zuwa Guri su lizimci rubuta kowace jingina: adadin bashi, iyakokin gona, wa'adi da sunayen shaidu, a ajiye kwafi a kotun shari'a. Allah ne Mafi sani.